Wanda Babur Ya Karya Wa Ƙafa, Wa Zai Biya Shi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya haramta zalunci, ya sanya wa kowane haƙƙi ma'auni. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwana malamai da 'yan kasuwa, kun dai ga abin da ya faru tun ran 1 ga watan Fabrairu na 2025, sa'ad da 'yan sanda suka fara tsare masu abin hawa bisa hanya suna tambayar takardar inshora, da umurnin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun. Sa'an nan a watan Agusta na shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu ga sabuwar dokar inshora, wadda ta tattara tsofaffin dokoki wuri guda. A zaure da rumfa abin da na ji ana ta faɗi shi ne, an sāke ƙirƙiro wata hanyar karɓar kuɗin talaka. Ban ce babu gaskiya cikin wannan kuka ba. Amma ban ji mutum ɗaya ya tambayi abin da ya sa aka yi takardar tun farko ba, watau mutumin da ke kwance gefen kwalta da karyayyar ƙafa, wa zai biya shi. Wannan ita ce mas'alar da na ke so mu duba yau, kuma a ƙofar makarantata ta same ni.

Wata Alhamis, da ya ke ba karatu, wani almajirina ɗan shekara goma sha biyu ya fita wanki. Wajen ƙetare hanya wani saurayi ya sheƙo a babur, ya ɗebe shi. Ƙwauri ya karye, haƙora biyu na gaba suka zube. Kafin in iso jama'a sun taru, saurayin yana tsugune yana kuka, ga dattawa suna ce mini, Malam, a yi haƙuri, tsautsayi ne, ƙaddara ta riga fata, kai ne uban yaro a nan, ka ce ka yafe kowa ya kama gabansa. Wallahi saura kaɗan in faɗa. Kunya ta kama ni, kada a ce malami guda ya tsaya jayayya a kan kuɗi. Abin da ya riƙe harshena shi ne na tuna haƙoran nan ba nawa ba ne, ƙafar kuwa ba ni zan taka ta shekara sittin ba.

Ku sani, ƙaddara gaskiya ce, wanda ya musa ta ya fita daga imani. Amma wanda ya ƙaddara haɗarin shi ne kuma ya hukunta diyya. Aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure ta sauka, kuma kisan kuskure duk ƙaddara ne. Da a ce ƙaddara tana kayar da haƙƙi, da ba a saukar da ayar ba. Ayar ta bar wa masu haƙƙi ƙofar yafewa, ta kira yafewar sadaka. To, sadaka kuwa sai da abin da mutum ya mallaka, ya san yawansa, ya bayar da daɗin rai. Wanda aka kewaye shi jini na zuba, aka matsa masa da kunya har ya ce na yafe, bai kuwa san ko nawa ya yafe ba, wannan ƙwace aka yi masa da lafazi mai daɗi. Yaro ƙarami kuwa babu mai ikon yafe haƙƙinsa a banza, ko ubansa, balle malaminsa, domin waliyyi ba ya taɓa dukiyar yaro sai ta hanyar da za ta amfane shi. Haka marayun wanda ya mutu a haɗari. Diyya gado ce, ana raba ta yadda a ke raba gado. Baffa ba shi da ikon tsayawa a zaman makoki ya ce mun yafe da sunan 'ya'yan da ba su balaga ba. Rabonsa kaɗai ya ke iya bari, in yana da rabo.

Waɗansu na cewa ai littattafanmu ba su san babur ba. Sun san doki, sun san raƙumi. Cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya bayyana cewa mai jan dabba da mai korarta da mahayinta duk suna lamuncewar abin da ta taka, ya kuma kafa hujja da hukuncin Sayyidina Umar a kan wani mutum da ya sukwani dokinsa ya taka yatsan wani, jini ya yi ta zuba har ya mutu, aka hukunta diyya. Ibnu Abi Zaidin ya kawo hukuncin nan cikin Risala, a babin jini da haddi, wanda kowane ɗalibi a ƙasar nan ya bi ta kansa. Akwai hadisin da ya ɗauke lamuni daga ɓarnar da dabba ta yi da kanta ba da sa hannun kowa ba. Dabba ke nan mai rai, mai firgita, mai harbi. Babur ba ya firgita, ba ya tafiya sai an murɗa shi. Saboda haka lamunin mai babur ya fi na mai doki ƙarfi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei cikin 1993, ta tafi a kan haka: bin dokokin hanya wajibi ne, haɗarin mota yana shiga hukuncin jinaya, direba yana lamuni sai fa in abin da ba shi da ikon tunkuɗewa ne ya auku, ko kuwa wanda aka buge shi ne ya jawo wa kansa. In laifi na su biyu ne, kowa ya ɗauki gwargwadon nasa. Har karon mahaya biyu malaman Malikiyya sun yi maganarsa: diyyar kowane ɗaya tana kan dangin ɗayan, kuɗin dabbar kuwa cikin dukiyar wanda ya kashe ta. Ga babura biyu sun yi taho-mu-gama ke nan.

Yanzu sai mu zo ga ƙididdiga, nan ne kuwa magana ta ke da nauyi. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 ga mutanen zinariya, ko dirhami 12,000 ga mutanen azurfa. Dinari guda nauyinsa giram 4.25 ne, watau diyya duka kilo huɗu da kwata na zinariya. Ƙafa ɗaya rabin diyya, hannu ɗaya rabi, ido ɗaya rabi. Kowane yatsa raƙuma 10, kowane haƙori raƙuma 5. Raunin kai ko fuska da ya bayyana ƙashi raƙuma 5, wanda ya farfasa ƙashin har ya gusa raƙuma 15, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya, haka wanda ya huda ciki. Asalin waɗannan adadi takardar da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu. Haƙoran almajirina biyu dinari 100 ke nan, giram 425 na zinariya. Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin abin da giram ya ke yi yau. Ku buga lissafi, za ku ga diyyar ƙafa ɗaya ta fi kuɗin sababbin babura ɗari. Ko da azurfa aka ƙidaya, wadda ta fi sauƙi nesa, ta fi ƙarfin ɗan acaɓa ko ya shekara ashirin yana tarawa.

Karayar ƙwauri ko cinya ba ta da adadi yankakke. Ana jira sai ta warke, domin ba a yanke diyyar rauni sai bayan warkewa. In ta bar ɗingishi ko nakasa, alƙali ya yi ijtihadi ya ƙiyasta abin da mutumin ya ragu da shi, ya cire misalinsa daga diyya. Wannan shi a ke kira hukuma. A yau takardar likita da ke cewa ƙafa ta rasa kashi kaza cikin ɗari na amfaninta ita ce ta fi taimakon alƙali wajen wannan ƙiyasi. In kuwa ta warke sarai ba aibi, zahirin Risala babu kome. Amma Ibnu Arafa, malamin Tunis, ya kyautata maganar da ta ce ladan likita da kuɗin magani suna kan wanda ya yi raunin, a inda babu adadi yankakke. Ni a gare ta na ke, domin a zamaninmu kuɗin maganin shi ne ke karya gida. Wanda ya taɓa kai majinyaci asibitin ƙashi na Dala, ya ga jerin samari da ƙarafa a ƙafa, ya ji abin da a ke kashewa kan hoto da aiki da ƙarfe, ya san mutum yana sayar da gonar gado kafin ya taka ƙasa.

To, in diyya ta kai haka, ashe shari'a ta ɗora wa talaka abin da ba ya iyawa? A'a. Shari'a ba ta taɓa nufin mai kuskure ya biya babbar diyya shi kaɗai ba. Abin da ya kai sulusin diyya ko ya fi, aƙila ke biya, watau danginsa maza na wajen uba, kowa gwargwadon ƙarfinsa, cikakkiyar diyya cikin shekara uku, sulusi cikin shekara guda. Abin da bai kai sulusi ba shi ne ke fita daga aljihun mai laifin. In babu dangi, baitulmali. Hikimar a fili ta ke. Wanda aka raunata ya sami haƙƙinsa, wanda ya yi kuskure bai tsiyace ba, dangi kuwa da sun san su za su biya, su da kansu za su hana ɗansu gudun banza.

Nan ne igiyar ta tsinke. Saurayin da ya buge yarona daga wani ƙauye mai nisa ya zo cin rani, a shago ya ke kwana. Ina aƙilarsa? Wane alƙali zai aika ƙauyensu a tara baffanninsa a yanka musu kuɗi? Wane baitulmali ne zai biya? Tun da Zamfara ta soma a 1999, Kano da waɗansu jihohi suka bi a 2000, an rubuta diyya cikin dokokin shari'a, amma ba a gina abin da zai ɗauke ta ba. Sai aka bar mutane biyu matalauta suna kallon juna, ɗaya ba ƙafa, ɗaya ba kuɗi, jama'a kuwa ta sami mafita mai arha, ita ce a ce wa mai rauni ya yafe. Mun riƙe rabin hukunci mun yar da rabi, kuma rabin da muka yar shi ne wanda zai taɓa aljihunmu.

Gwamnatoci kuwa maganinsu hani ne. Kano ta hana acaɓa a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Allah ya jiƙansa. Legas ta hana a waɗansu ƙananan hukumomi a 2022, 'ya'yanmu da yawa suka komo gida da baburansu. Hanin ya rage wani abu a tsakiyar birni, amma babur yana nan a ƙauye da bayan gari, shi ne jakin wannan zamani, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai buhu kasuwa. Kun kuma tuna 2009, da aka tilasta hular kwano, waɗansu suka kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikatan hanya. An yi dariya a lokacin. Ƙwaryar ba ta hana kan kowa fashewa ba.

Ga abin da na ke gani, malamai su duba, in na yi kuskure su gyara mini. Cikin Muhtasar na Halilu, farkon waɗanda a ke kira aƙila su ne mutanen diwani, watau waɗanda sunansu ke rubuce a littafi guda suna karɓar rabo tare, kamar yadda Sayyidina Umar ya tsara wa rundunoni. Su a ke fara nema kafin dangi. Illar ita ce taimakon juna: waɗanda ke tsaya wa mutum in an taɓa shi, su ke ɗaukar kuskurensa. To, wa ke tsaya wa ɗan acaɓa yau? Ƙungiyarsa. Tana da littafin sunaye, tana ba da lamba da riga, tana karɓar kuɗin tikiti kowace safiya, in an kama ɗayansu su taru su cika ofishin 'yan sanda. Waɗanda suka iya taruwa don fitar da ɗan'uwansu, sun iya taruwa don ɗora ƙafar wanda ya karya. Da za a ware wani abu daga tikitin nan na kullum a ajiye shi a asusu mai shaidu, ba a hannun ciyaman ba, da an sami aƙila a kowace tasha.

Ku kuma alhazai masu sayen babura kuna ba yara suna kawo balas, maganar ta iso kanku. A fiƙihu mai tuƙi shi ne mai lamuni, gaskiya ne. Amma wanda ya miƙa babur ga yaron da bai iya ba, ko ya san birki ya mutu ya ce a lallaɓa, ko ya yanka balas mai nauyin da ba a samunsa sai da gudu, ya shiga cikin sababi, ba kuwa zai fita da cewa ba ni na ke kai ba. A kotun boko ma ana kama ubangida da laifin yaronsa in a bakin aikinsa ya yi shi. Wanda ke cin ribar babur kowace yamma bai kamata ya ɓace ran da baburin ya sha jini ba.

Saura inshora. Dokar tilasta ta ba sabuwa ba ce, tun 1945 Turawa suka kafa ta. Manufarta ba gyaran abin hawanka ba ce, biyan wanda ka buge ne. Bisa farashin da hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sanya daga Janairu na 2023, babur Naira 3,000 ne a shekara, kamfani ya ɗauki ɓarnar dukiya har Naira miliyan 1. Keke mai ƙafa uku Naira 5,000, ƙaramar mota ta gida Naira 15,000. Iyakar nan ta dukiya ce, rauni da rai ba a yanka musu iyaka irin wannan ba. Mai tuƙin kansa ba ya ciki, sai ya sayi wata dabam. Na san abin da ke zukatan malamai, ni ma yana cikin tawa. Majalisar Fiƙihu ta Jidda a 1985 ta hana inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, ta halatta ta taimakon juna, wadda a ke kira takaful, inda kowa ke zuba kuɗi da niyyar kyauta ga wanda masifa ta sama. A Sudan aka fara kafa kamfaninta a 1979. A nan NAICOM ta fitar da ƙa'idodinta a 2013, akwai kuwa kamfanoninta masu lasisi yanzu. Saboda haka uzurin haramci ya ragu ƙwarai. Wanda ya duba takaful da idon basira zai ga aƙila ce aka rubuta a takarda. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne takardar jabu, wadda a ke saya a gindin bishiya kusa da ofishin lasisi don a nuna wa ɗan sanda kawai. Mai ita ya yi ƙarya, ya yi asarar kuɗinsa, ran haɗari kuwa babu kamfanin da ya san shi. Ƙwaryar 2009 ce ta komo da siffar takarda. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rajista da a ke duba lambar abin hawa ta waya, a gane ta gaske da ta jabu. Wanda bai iya ba, ya sa ɗansa ya duba masa.

Wanda abin ya sama, ko ya sami nasa, ga abin da na koya da wahala. A fara da asibiti, kada a tsaya gardama. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai neman taimakon gaggawa. Ban raina masu ɗori ba, sun yi wa kakanninmu aiki, amma karayar da ƙashi ya huda fata ba tasu ba ce, kuma mai ɗori ba ya ba da takardar da alƙali ko kamfani zai karɓa. Wani ya rubuta lambar babur da sunan mai shi na ainihi, a riƙe mutum biyu adilai da suka gani da ido, domin aƙila ba ta biya bisa iƙirarin mai laifi kaɗai, kamfani kuwa ba ya biya sai da rahoton 'yan sanda da na likita. Kowace takardar magani a adana ta, ko ta allura guda ce. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar sulhu tun rauni bai nuna inda ya dosa ba. Sau da yawa an karɓi kuɗin kwana uku, bayan wata biyu likita ya ce sai an yanke. Kada kuma a yi ta jinkiri, gama kotunan boko suna da wa'adin shigar da ƙara, in kuwa abin hawan na hukuma ne yana bakin aiki, wa'adin na iya zama wata uku kacal.

Sulhu alheri ne, ban hana ba, da shi ma muka ƙare. Na aika aka kira uban yaron, muka zauna gaban mai unguwa da saurayin da alhajin da ya ba shi babur. Na karanta musu abin da shari'a ta yanka, don kowa ya san girman abin da a ke magana a kai. Da alhajin ya ji lissafin haƙori biyu sai ya cire hula ya share gumi. Babur ɗin ba shi da inshora ko ta jabu. Malamai sun yarda waliyyi ya karɓi ƙasa da haƙƙin yaro in mai laifi matalauci ne, kuma karɓar ta fi amfanin yaron bisa ga jiran abin da ba zai zo ba. A kan haka alhajin ya ɗauki kuɗin asibiti duka, saurayin kuma ya ɗauki wani abu kowane wata har shekara biyu, a ajiye wa yaron don gyaran haƙora in ya girma. Aka rubuta, shaidu huɗu suka sa hannu, aka bar maganar ƙafa a buɗe sai ta warke. Yaron ya komo karatu, yana izu na tara. Yana ɗan jan ƙafar in ya gaji, likita kuwa ya ce a komo da shi bayan salla a sāke hoto, sa'an nan mu koma gaban mai unguwa.

Haza wassalam.